Karayar ƙashin cinya a bakin gwiwa: hoton da ya kamata a ɗauka da ƙarfen da ya kamata a sa

Dakta Aminu: Assalamu alaikum. Ina roƙon manyanmu da ke wannan zaure su yi mana bayani a kan karayar da ke samun ƙarshen ƙashin cinya, wato wajen santimita 15 na ƙasa, inda ƙashin yake faɗaɗa ya rabu dunƙule biyu, na ciki da na waje, ya zauna a kan ƙashin ƙwauri. Ba ta kai karayar kwankwaso yawa ba, domin littattafai suna sa ta tsakanin kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari na dukkan karayar ƙashin cinya, kuma masu samunta iri biyu ne: matasa da suka yi hatsarin mota ko babur ko suka faɗo daga sama, da kuma tsofaffi, musamman mata, waɗanda ƙashinsu ya zaizaye har zamewa a tsakar ɗaki ta isa ta karya shi. Tambayata biyu ce. Shin hoton eksire na gaba da na gefe ya wadatar kafin a shiga tiyata, ko kuwa dole ne a yi CT, wato hoton na'urar da ke nuna ƙashi yanki-yanki? Sannan idan an shiga, wanne ya fi, farantin ƙarfe da ake ɗaurawa a gefen ƙashi ko sandar da ake zurawa cikin ramin ɓargo?

Dakta Hadiza: Wa'alaikumus salam. Tambayoyin suna da kyau, amma akwai wadda ta riga su, ita ce ko jini yana isa tafin ƙafar. Babbar jijiyar jinin cinya tana ratsa wata ƙofa a cikin tsokar cikin cinya ta koma bayan gwiwa, kuma a daidai wannan wuri a ɗaure take, ba ta da sararin kaucewa. Tsokar sharaɓa kuwa daga bayan dunƙulen nan biyu ta taso, saboda haka da zarar ƙashin ya karye sai ta ja guntun ƙasa ta karkatar da shi baya, bakinsa mai kaifi ya nufi inda jijiyar take. Don haka kafin a tura kowa ɗakin hoto sai a taɓa bugun jini a saman ƙafa da bayan idon sawu, a kwatanta da lafiyayyar ƙafar. Idan akwai shakka a auna hawan jini a idon sawu da na hannu da na'urar Dofla mai jin gudun jini, a raba adadin farko da na biyu a lissafi, sakamakon da ya gaza 0.9 yana bukatar hoton jijiyoyin jini. Ƙafar da ta yi sanyi ta koɗe ba bugu ba ta jiran safiya, domin tsoka ba ta jure rashin jini fiye da wajen awa shida. A kuma ce wa majinyaci ya ɗaga babban yatsan ƙafarsa sama ya sauke, a shafa saman ƙafar da tafinta a ji ko yana ji, a rubuta sakamakon kafin a taɓa ƙashin, a sake rubutawa bayan an miƙe shi.

Sista Rabi: Ranki ya daɗe, ina so in ƙara abu biyu daga ɓangarenmu. Na farko, inda aka ji bugun jinin mukan sa alama da biro a kan fata, saboda wadda za ta karɓi aiki da dare ta san daidai inda za ta ɗora yatsa, domin jijiyar da ta samu rauni daga ciki tana iya bugawa da yamma ta toshe kafin asuba. Na biyu, ƙaramin rauni a saman ƙoƙon gwiwa wanda ke tsiyayar jini mai maiƙo bai kamata a ɗinke shi a wuce ba. Sau da yawa ƙashi ne ya huda tsoka da fata ya leƙo ya koma, wato karayar a buɗe take, kuma tana bukatar antibayotik ta jijiya cikin awa ta farko idan da hali, da allurar tetanus, da rufewa da tsaftataccen ƙyalle mai jiƙe da ruwan gishiri har zuwa ɗakin tiyata inda za a wanke ta yadda ya kamata.

Dakta Lawal: A matsayina na mai karanta hotuna, amsata ga tambayar farko a taƙaice ita ce, idan layin karaya ya shiga gaɓa, ko ana zargin ya shiga, a yi CT. Dalilina shi ne karayar Hoffa, wadda aka sa wa sunan likitan Jamus Albert Hoffa da ya yi bayaninta a 1904. Ita wannan tana yanke bayan dunƙulen ne daga gefe zuwa gefe, ta yadda idan ka dubi hoton gaba sai gaban ƙashin da bai karye ba ya rufe ta ɗungum, a hoton gefe kuma dunƙule biyun suna hawa kan juna sai layin ya ɓace a tsakaninsu. Wani nazari daga Amurka da aka wallafa a 2005 ya duba karaya kusan 200 da suka ratsa tsakanin dunƙulen biyu, ya samu irin wannan guntu a kashi 38 cikin ɗari, kuma ya fi yawa a dunƙulen waje. Wannan ba ƙaramin adadi ba ne. Guntun yana ɗauke da guringuntsin da mutum ke zama a kai duk lokacin da ya lanƙwasa gwiwa, kuma ƙusoshin faranti da ke shiga daga gefe suna tafiya ne daidai da layin karayar, ba sa kama shi. Likitan da bai san da shi ba zai rufe aikinsa yana murna, bayan makonni guntun ya zame.

Ina kuma roƙon a riƙa ɗaukar ƙashin cinyar gaba ɗaya har kwankwaso, domin ƙarfin da ya fasa ƙasansa yana iya tsaga wuyansa a sama, kuma zafin gwiwa yakan danne na kwankwaso. Idan za a sa ƙarfen waje na wucin gadi don miƙe ƙafar, to a bar CT sai bayan an sa shi, saboda gutattsarin da aka ja suka rabu da juna sun fi karantuwa a kan waɗanda suka cakuɗe.

Dakta Aminu: Na gamsu, Dakta Lawal, amma ba kowane lokaci ake samun na'urar ba, kuma wani majinyacin halinsa bai bari a yi yawo da shi. Shin sai a fasa aikin ke nan?

Dakta Lawal: Ba a fasawa. A ɗauki hoto yayin da wani yake jan ƙafar a hankali bayan an ba da maganin zafi mai ƙarfi, a ƙara hotuna biyu a karkace, a kuma tabbatar hoton gefe na gaskiya ne. Abin da ya rage kuma likitan tiyata ya cike shi da idonsa, ya buɗe gaɓar ya lanƙwasa gwiwar sosai ya duba bayan dunƙulen, ya shiga da zaton guntun yana nan har sai ya ga babu.

Dakta Bashir: Ni zan ɗauki tambaya ta biyu, kuma ba zan ɓoye cewa zuciyata ta fi karkata ga sanda ba. Tun lokacin da Gerhard Küntscher ya fara zura ƙarfe cikin ɓargon cinya a Jamus wajen 1939 zuwa 1940, hikimar ba ta canza ba: ƙarfen da ke tsakiyar ƙashi yana kan layin da nauyin jiki ke bi, saboda haka yana raba kaya da ƙashin, shi kuwa faranti a gefe yake, kowane taku lanƙwasa shi yake son yi. A wannan karaya ta gwiwa ake shigar da sandar, ta ƙaramar kafa a tsakanin dunƙulen biyu, a tura ta sama, a kulle ta da ƙusoshi sama da ƙasa. Ba a buɗe wurin karayar ba, ba a bare tsoka daga ƙashi ba, gudan jinin da ya taru a wurin, wanda shi ne tushen sabon ƙashi, yana nan ba a taɓa shi ba. Ga karayar da ba ta shiga gaɓa ba, ko wadda ta shiga da layi ɗaya mai sauƙi da za a matse da ƙusoshi biyu tukuna, ban ga abin da zai sa in yi dogon yanka ba. Ga mai ƙiba sosai, ko wanda ya karya ƙwauri a ƙafa ɗaya, fa'idar ta fi fitowa fili.

Dakta Hadiza: Dakta Bashir, ban ƙi maganarka ba a inda ka iyakance ta, amma ina tsoron matasa su ji rabin farko su manta da sharaɗin. Rabe-raben ƙungiyar likitocin ƙashi ta AO, wadda aka kafa a Suwizalan a 1958, sun ba wannan yanki lamba 33 suka kasa shi uku. Rukunin A shi ne karayar da ba ta taɓa gaɓa ba, B ta cire ɓangare ɗaya na gaɓar ta bar saura a manne da ƙashin, C kuma ta fasa gaɓar ta raba ta da gangar ƙashin gaba ɗaya. A rukunin B sanda ba ta da aikin yi, ƙusoshin matsi ake sa, a binne kawunansu ƙarƙashin guringuntsi idan ta nan suka shiga, a tokare da ƙaramin faranti. A rukunin C da ya farfashe, ko inda guntun ƙasa ya yi gajarta har ƙusoshin sanda ba su da wurin kamawa, faranti mai kulle ƙusoshi a jikinsa shi ne ke riƙewa.

Abin da ya fi damuna a muhawarar faranti da sanda shi ne tana ɗauke hankali daga aikin gaskiya, wato mayar da ƙashin mazauninsa. A 1967 Charles Neer da abokansa sun wallafa nazari da ya nuna cewa waɗanda aka yi wa jan ƙafa da nauyi sun fi waɗanda aka yi wa tiyata samun sakamako mai kyau, saboda ƙarafan lokacin ba sa riƙewa, sai mutum ya sha yanka kuma ya sha kwanciya. A shekarun 1970 ne Joseph Schatzker a Toronto ya nuna cewa tiyata tana cin nasara idan an bi ƙa'ida, wato a daidaita fuskar gaɓa, a dawo da tsawo da miƙewar ƙafa, a riƙe da ƙarfi, a fara motsa gwiwa da wuri, kuma ya nuna cewa inda aka sa ƙarfe mai kyau ba tare da bin ƙa'idar ba sakamakon yakan lalace. Tudun da ya wuce milimita 2 a fuskar gaɓa yana cinye guringuntsi da shekaru. Ƙashin cinya yana haɗuwa da gwiwa ne da karkata ta wajen digiri 6 zuwa waje, wanda ya rasa ta ya bar mutum da gwame ko baka. Sandar kuma ba ta gyara wannan da kanta, domin ƙasan ƙashin yana da faɗi, sandar tana iyo a ciki, duk yadda ta samu guntun haka za ta kulle shi. Shi ya sa muke naɗe tawul mu sa a ƙarƙashin cinya dab da gwiwa, gwiwar ta ɗan lanƙwashe, tsokar sharaɓa ta saki, guntun ya daina kallon baya. Kafin a tashi daga tebur kuma a kwatanta juyawar ƙafar da tsawonta da ɗayar, domin ƙafar da aka kulle a murɗe ba ta bayyana a hoto ɗaya.

Wani abin lura ga masu sa faranti shi ne ƙarshen ƙashin ya fi faɗi a baya, ya tsuke a gaba. Ƙusar da aka sa a gaba tana iya zama daidai a hoton gaba alhali ta fito ta cikin gwiwa tana sukar nama, saboda inuwar faɗin baya ce ta ɓoye ta. Sai an juya ƙafar ciki an sake haskawa ake ganin gaskiyar tsawonta.

Dakta Bashir: Duk wannan haka yake, ranki ya daɗe, sai dai a faɗa wa matasan aibin farantin ma. Da faranti mai kulle ya shigo an ɗauka an gama da matsalar, sai aka fara ganin ƙasusuwan da suka ƙi haɗewa, faranti ya gaji ya karye bayan watanni. Dalilin shi ne taurin ya yi yawa. Inda ƙashi ya farfashe yana bukatar ɗan motsi ƙalilan don ya tara sabon ƙashi, amma gajeren faranti da aka cike kowane raminsa da ƙusa har bakin karaya ba ya barin komai ya motsa a gefensa. Maganin shi ne dogon faranti, ƙusoshi a warwatse, a bar ramukan da ke kan karayar babu komai. Idan bangon ciki na ƙashin ya ruguje kuwa, faranti ɗaya a waje ba zai ɗauki kayan ba, ko dai a ƙara na biyu a ciki ko a haɗa faranti da sanda. Buɗaɗɗiyar karaya, ciwon suga, ƙiba da shan taba duk suna ƙara haɗarin rashin haɗewa, kuma daga cikinsu taba ce majinyaci zai iya ajiyewa tun ranar farko, don haka a gaya masa ba tare da kwana-kwana ba.

Malam Kabiru: Mu a sashen gashin ƙashi abin da ke iso mana shi ne gwiwar da ta sandare. Tsokar gaban cinya tana kwance ne kai tsaye a kan wurin karayar, idan aka bar ta makonni ba motsi sai ta manne da sabon ƙashin, daga nan lanƙwasawa ta zama yaƙi. Tafiya a fili tana bukatar wajen digiri 60 zuwa 65, hawa matakala da tashi daga kujera suna neman 90 ko fiye. Saboda haka muna so mu fara tun kwanakin farko bayan tiyata: majinyaci ya matse tsokar cinya yana danna bayan gwiwa a katifa, ya ja diddige yana zamewa a kan gado, ya zauna a bakin gado ya bar ƙafar ta sauka da nauyinta. Ina kuma roƙon masu jinya su daina cusa matashi a ƙarƙashin gwiwa don a ji daɗi, a ƙarƙashin diddige ake sa shi, domin gwiwar da ta kasa miƙewa sosai ta fi wadda ta kasa lanƙwashewa wahalar da mai ita wajen tafiya. Abin da nake nema daga likitoci shi ne su rubuta mana a fili nauyin da aka yarda a ɗora wa ƙafar da iyakar lanƙwasawa.

Hajiya Maryam: Ku gafarce ni, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma maganar ta shafe ni. Mahaifiyata ta haura saba'in, an taɓa sa mata gwiwar roba da ƙarfe, ta faɗi ƙashin ya karye dab da saman ƙarfen. An sa mata faranti an ce kada ta taka ƙafar sai bayan wata uku, ita kuma hannayenta ba su da ƙarfin ɗaukar ta a kan sandunan dogarawa, don haka kusan kullum a kwance take. Shin haka ake yi?

Dakta Hadiza: Allah Ya ba Mama lafiya, Hajiya. Ba zan iya warware umarnin likitan da ya ga ƙashinta da idonsa ba, kuma kada ki sa ta taka sai da izininsa, amma ki koma ki tambaye shi kai tsaye ko ƙarfen zai ɗauki wani nauyi yanzu, ki kuma gaya masa cewa ba ta iya tafiya a ƙafa ɗaya. Tsohon tsari shi ne a hana taku makonni 6 zuwa 12, kuma ga matashi mai fasasshiyar gaɓa har yau ana bin sa. Ga tsohuwa lissafin daban ne, domin hana taku a wurinta yana nufin kwanciya, kwanciya kuma tana kawo ciwon huhu, gyambon baya, daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa da narkewar tsoka. Yawan mutuwar tsofaffi a shekarar farko bayan wannan karaya yana kusa da na karayar kwankwaso, shi ya sa da yawanmu yanzu muke zaɓar haɗin ƙarfen da zai bari a tashi a taka da wuri. Kafin ki gan shi, ko ba taku za ta iya zama a kujera kowace rana, ta motsa idon sawu da gwiwa, a riƙa juya ta, a duba fatar bayanta da diddigenta. Ki tambayi ko tana kan maganin hana daskarewar jini. Idan sharaɓarta ta kumbura da zafi, ko numfashi ya yi mata wuya kwatsam, ko raunin ya fara fitar da ruwa da zazzaɓi, a kai ta asibiti nan take. Kada kuma a manta da abin da ya jawo karayar: a auna ƙarfin ƙashinta da sinadarin bitamin D, a ba ta maganin zaizayar ƙashi idan ya dace, a duba idonta da magungunan da ke sa ta jiri.

Ga abokan aiki, a irin wannan karaya tambayar farko ita ce ko gwiwar robar tana nan daram a jikin ƙashi. Idan tana nan, a gyara da faranti, ko da sanda idan ƙirar ƙarfen tana da kafar da sandar za ta wuce. Idan ta saki, ko ƙashin da ya rage ya zama kamar ɓawon ƙwai, to a cire ƙarshen ƙashin a maye gurbinsa da babbar gaɓar ƙarfe, majinyaciya ta taka washegari.

Dakta Bashir: Ina goyon bayan taku da wuri, amma ina jan kunne a kan maye gurbin ƙashi. Aiki ne babba, kuma idan ƙwayoyin cuta suka shige shi ko ya saki bayan shekaru, hanyoyin da suka rage kaɗan ne, har yanke ƙafa yakan shigo lissafi. Ga wadda ƙashinta zai iya riƙe ƙusa, faranti da sanda a haɗe suna ba da damar taku ba tare da an zubar da ƙashinta ba. Akwai kuma waɗanda ba a yi musu tiyata sam, kamar wanda karayarsa ba ta goce ba ko wanda dama ba ya tafiya, sai a sa takalmin gwiwa mai maɗauri a riƙa ɗaukar hoto a makonnin farko don a tabbatar ba ta zame ba.

Dakta Aminu: Na gode ƙwarai. Saura yara, shin duk wannan ya shafe su?

Dakta Hadiza: Nasu daban ne, saboda a daidai wannan wuri faifan girma yake, wato guringuntsin da ƙashin yaro ke ƙara tsawo daga gare shi, kuma shi ne mafi aiki a jiki, yana ba da wajen kashi 70 cikin ɗari na tsawon ƙashin cinya, kusan santimita ɗaya a shekara. Ana rarraba raunukansa da tsarin Salter da Harris na 1963. Faifan ba a shimfiɗe yake ba, yana da tuddai da kwari, don haka idan ya goce yakan kankare ƙwayoyin girma, kuma ko an mayar da shi daidai wani ɓangarensa yana iya rufewa, ƙafar ta gajarce ko ta karkace. Yaron da ya bugu a gwiwa ta kumbura, ga zafi a saman gaɓar, hoto kuma bai nuna komai ba, a ɗauke shi a matsayin mai karaya, a ɗaure ƙafar, a yi MRI, wato hoton maganaɗisu mai nuna guringuntsi, ko a sake hoto bayan kwanaki. Idan ta goce ana gyarawa a hankali cikin barci, ba da ƙarfi ba kuma ba sau da yawa ba, a riƙe da siraran ƙarafa masu santsi idan dole su ratsa faifan, ko da ƙusoshi a sama ko ƙasa da shi. A gaya wa iyaye tun ranar farko cewa haɗewar ƙashi ba ita ce sallama ba, za a ci gaba da auna tsawon ƙafafun biyu da ɗaukar hoto lokaci-lokaci na aƙalla shekara ɗaya zuwa biyu, ga ƙananan yara ma har girmansu ya tsaya, domin gadar ƙashi da ta toshe ƙaramin ɓangaren faifan ana iya cire ta idan an gan ta da wuri yaron yana da sauran girma a gaba.